Waya Ta Gwamnati, Magana Ta Jama'a

Ko kun taɓa tambayar kanku abin da ya sa Bahaushe ke kiran ofishin aika wasiƙu da suna gidan waya? Wasiƙa dai takarda ce, ba ta bin waya. Dalili shi ne tun zamanin Turawan mulki ofishi guda ne ke riƙe da wasiƙu da tangaraho da tarho, kuma ofishin nan na gwamnati ne. A nan Gana manyanmu sun san shi da suna Pi-an-Ti. Turawa ba don mu kaɗai suka ƙago wannan tsari ba, da shi suka zo daga gida. A Ingila da Faransa da Jamus, har zuwa shekarun 1980, layin tarho na hukuma ne, kan tarhon da ke ɗakin mutum ma na hukuma ne, haya kawai yake biya.

An daɗe a haka babu wata babbar rigima, sai da kwamfuta ta fara shiga gidajen mutane, suka so su haɗa ta da layin tarho ta hanyar wata 'yar na'ura da ake kira modem. Daga nan aka shiga jayayya ta shekaru masu yawa a kan tambaya guda: wa ke da ikon faɗin abin da za a jona a jikin waya? A wannan wata mun ga ya dace mu kawo muku labarin wannan jayayya, domin ba ta mutu ba, kuma ta iso har ƙofar gidanmu.

Mene ne modem?

An gina layin tarho ne domin ɗaukar muryar ɗan Adam. Ita kuwa kwamfuta ba ta san murya ba, lissafi take yi da alamu biyu rak, sifili da ɗaya. Aikin modem shi ne tafinta. Yana juya alamun kwamfuta su zama sauti mai kama da fito, sautin ya bi waya, modem na can ɗaya gefen ya sake mayar da shi alamu. Waɗanda suka yi amfani da intanet a ƙarshen shekarun 1990 za su tuna da ƙarar nan mai kama da kukan gyare kafin layi ya haɗu.

Modem da kamfanin Bell na Amurka ya fitar a 1962 yana aika alamu 300 a daƙiƙa, wato kamar haruffa 30. Shafi ɗaya na littafin makaranta zai ci fiye da minti guda kafin ya wuce. Duk da wannan tafiyar hawainiya, abin ya canza lissafi, domin duk mai tarho da kwamfuta yana iya aika rubutu zuwa wata ƙasa ba tare da ya bi ta hannun ma'aikacin gidan waya ba.

Hujjar masu waya

Adalci ne mu fara da jin ta bakin hukumomin. Sun ce layin tarho ba na mutum ɗaya ba ne. Yana ɗauke da wuta 'yar kaɗan, wajen bolt 48, kuma duk layukan gari suna haɗuwa a cibiya guda. Idan wani ya jona na'ura marar inganci, wutar gida mai bolt 220 ta zubo cikin layi, tana iya ƙona kayan cibiya, ko ta kashe ma'aikacin da ke saman falwaya yana gyara. Na'urar da ke yin sauti fiye da kima tana shiga hirar maƙwabta. Wadda ke maimaita kiran lamba ba tsayawa tana toshe wa kowa hanya. Bugu da ƙari, ma'aunin sautin da Amurka ke bi a lokacin ya bambanta da na Turai.

Duk waɗannan gaskiya ne. Matsalar ita ce hukumar da ke yanke hukunci a kan ingancin na'urar wani, ita ce kuma ke sayar da tata ko ba da ita haya. Shi ne a ba kura ajiyar nama. Wanda zai yi asara idan kayanka sun shiga kasuwa, shi aka ba hatimin da zai bar su su shiga.

Amurka: ƙoƙo da rediyo

A Amurka waya ba ta gwamnati ba ce, tana hannun kamfanin AT&T ne, amma da goyon bayan doka. Ƙa'idar kamfanin ta haramta liƙa duk wani abu da ba nasa ba a jikin tarho. Har wani ɗan ƙoƙo mai suna Hush-A-Phone, wanda ake ɗorawa a bakin tarho don kada na kusa ya ji sirrin magana, kamfanin ya ce bai yarda ba, alhali ko wayar wuta babu a jikinsa. Hukumar sadarwa ta ƙasar, FCC, ta goyi bayan kamfanin a 1955. Amma a 1956 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci, ta nuna cewa mai tarho yana da ikon amfani da shi ta hanyar da za ta amfane shi, muddin ba ta cutar da jama'a.

Sai kuma wani mutumin jihar Teksas, Thomas Carter, ya ƙera na'urar da ke haɗa rediyon oba-oba da layin tarho, domin ma'aikatan haƙar mai da ke can cikin daji su iya magana da gida. Kamfanin ya yi wa masu saye barazanar yanke musu layi. Carter ya kai ƙara, kuma a watan Yuni na 1968 hukumar FCC ta ba shi gaskiya. Kamfanin bai saki nan take ba, ya tilasta wa mutane hayar wani akwatin kariya da za a sa tsakanin na'urarsu da layi. A tsakiyar shekarun 1970 hukumar ta rubuta ƙa'idoji a fili: duk na'urar da ta cika su za a yi mata rajista, kowa ya saya ya jona da kansa a soket. Da wannan ƙofa ta buɗe, ƙananan kamfanoni suka shiga gasa. Modem na kamfanin Hayes da ya fito a 1981 ya zama abin koyi a duniya, farashi ya yi ta sauka, sauri ya yi ta ƙaruwa.

Jamus ta Yamma: shekara biyar a kan akwati

Inda abin ya fi tsanani a ƙasashen dimokuraɗiyya shi ne Jamus ta Yamma. Gidan wayar ƙasar, Bundespost, ma'aikatar gwamnati ce mai minista, da ma'aikata wajen rabin miliyan. Dokar da ta ba ta ikon kankane harkar sadarwa ta samo asali tun 1928. Tarhon da take bayarwa yawanci mai ruwan toka ne, an ɗaure wayarsa da bango, mai gida ba shi da ikon kwancewa. Wanda ke son modem sai ya karɓi haya daga gidan waya a kan kuɗi masu tsada. Ko da aka fara barin na wasu kamfanoni a tsakiyar shekarun 1980, sai ofishin gwaji na gidan wayar ya duba shi ya manna masa lamba da tambarin ƙaho, wanda shi ne alamar ma'aikatar. Gwajin yana cin lokaci da kuɗi, kafin a gama an riga an fitar da wanda ya fi shi a Amurka ko Taiwan.

Wanda ya jona na'ura marar tambari, doka ta tanadar masa tara ko ɗauri har na shekara biyar. 'Yan sanda sun shiga gidajen matasa sun kwashe kwamfutoci a kan haka. Abin mamaki, sayar da irin wannan modem bai haramta ba. Kantuna suna talla a mujallu, su rubuta a ƙasa da ƙananan haruffa cewa na fitarwa ne zuwa ƙasashen waje, kuma jona shi a layin Jamus laifi ne. Mai saye da mai sayarwa duk sun san inda kayan za su kwana.

Wasu suka bi ta wata hanya. Tunda laifin yana cikin haɗa waya da waya, sai a bar wayar a yi amfani da sauti. Akwai wani akwati mai ƙoƙuna biyu na roba, ana buga lamba da hannu, sannan a kifa kan tarho a kan ƙoƙunan, ɗaya yana yin fito a bakin tarho, ɗaya yana sauraro. Ba shi da sauri, kuma ƙarar rufe ƙofa kaɗai tana iya ɓata saƙo. Shi ma gidan waya ya ce sai da tambarinsa.

Wata ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta mai suna Chaos Computer Club, wadda aka kafa a 1981, ta ɗauki abin a matsayin yaƙin neman 'yanci. A 1985 ta buga zanen yadda mutum zai haɗa nasa akwatin da kansa da kuɗi kaɗan. Ƙoƙunan robar kuwa daga shagon masu kayan famfo ake sayensu, zoben da ake sa wa bututun masai ne, ya dace daidai da kan tarhon gwamnati. Saboda haka suka raɗa masa suna Datenklo, wato masan bayanai. Jagoransu, Wau Holland, yakan yi ba'a da cewa hukuncin jona modem na gida ya fi na wanda ya tayar da bam na nukiliya bisa sakaci.

Ƙungiyar ta kuma kunyata ma'aikatar a idon duniya. Gidan waya yana da nasa tsarin aika bayanai mai suna Btx, wanda yake alfahari da tsaronsa. A watan Nuwamba na 1984 'yan ƙungiyar suka shiga tsarin da lambar wani banki na birnin Hamburg, suka sa a dare ɗaya bashin kusan mak 135,000 ya hau kan bankin zuwa asusunsu, sannan suka kira 'yan jarida suka bayyana komai, ba su ci ko anini ba. Jama'a suka fara tambaya: ashe mai hatimin ma ɗakinsa yana yoyo?

A watan Yuni na 1988 kotun tsarin mulki ta ƙasar ta soke wani sashe na dokar hukuncin, bisa dalilin cewa majalisa ce ya kamata ta fayyace abin da zai kai mutum kurkuku, ba a bar wa gidan waya ya tsara da kansa ba. A 1989 aka raba ma'aikatar gida uku, na wasiƙu da na banki da na tarho. Daga ranar 1 ga Yuli, 1990, Bajamushe ya sami ikon sayen kan tarhonsa a kanti. Sauran babakeren ya ƙare ranar 1 ga Janairu, 1998. Cibiyoyin tarho ba su ƙone ba, kamar yadda aka yi ta tsoratar da mutane.

Kore da ja

Ingila ta riga Jamus sassautawa. A 1981 aka raba tarho da gidan waya, a 1982 kuma aka kafa hukuma ta daban mai gwada na'urori. Kayan da suka ci jarrabawa ana manna musu koren da'ira, waɗanda ba a amince da su ba kuma jan alama mai kusurwa uku. Ko wanda bai yi karatu ba ya san abin da yake saye.

A Beljiyam kuwa hukumar tarho ta gwamnati ce ta kai wani babban kanti ƙara saboda yana sayar da tarho masu araha marasa hatiminta. Maganar ta kai kotun Tarayyar Turai, wadda a watan Disamba na 1991 ta yanke cewa bai halatta mai sayar da tarho ya zama shi ne kuma mai ba abokan gasarsa izini ba. Duk da haka, na wasu shekaru, matafiyi mai kwamfuta yakan tarar cewa modem da aka amince da shi a ƙasa ɗaya haramun ne a maƙwabciyarta, soket ma kowace ƙasa da irin nata. Sai a 1998 aka sami ma'auni guda na Turai, kuma daga shekarar 2000 aka bar wa mai ƙera kaya ya tabbatar da kansa cewa ya cika ƙa'ida, idan aka kama shi da ƙarya ya ɗanɗana kuɗarsa.

Faransa ta bi tata hanyar. Daga 1982 hukumar tarho ta riƙa raba wa jama'a wata 'yar na'ura mai allo da modem a ciki, mai suna Minitel, kyauta. Sama da miliyan 6 suka shiga gidaje da ofisoshi, ana duba lambobin tarho da sayen tikitin jirgi tun kafin zuwan intanet. Amma ƙofar shiga guda ce, kuma makullinta yana hannun hukuma. Da intanet ta zo da ƙofofi barkatai, Minitel ta yi ta ja da baya har aka rufe ta a ƙarshen Yuni na 2012.

Inda ba falwaya ake tsarewa ba

A wasu ƙasashe ba a ma ɓata lokaci da zancen lafiyar layi. Ranar 13 ga Disamba, 1981, da Janar Jaruzelski ya kafa dokar soja a Foland, abu na farko da aka yi shi ne yanke tarho a ƙasar baki ɗaya, har mai neman motar asibiti ya rasa hanyar kira. Da aka maido da layukan cikin gari a watan Janairu na 1982, duk wanda ya buga lamba sai ya ji murya tana sanar da shi cewa ana sauraren hirarsa. A Romaniya, dokar 1983 ta sa dole a kai keken rubutu ofishin 'yan sanda a yi masa rajista tare da samfurin haruffansa, don a gane mai buga takardar suka.

Tsoron nasu yana da tushe. A watan Agusta na 1991, masu yunƙurin juyin mulki a Tarayyar Sobiyet sun kama rediyo da talabijin, amma suka manta da wata ƙaramar hanyar saƙonnin kwamfuta mai suna Relcom da ke tafiya ta layukan tarho. Ta nan labarin abin da ke faruwa a Mosko ya riƙa fita zuwa sauran garuruwa da ƙasashen waje.

Sojojin ƙasar Bama ba su yi wannan mantuwa ba. Dokarsu ta 1996 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 15 ga wanda ya mallaki modem ba da izinin ma'aikatar sadarwa ba. A wannan shekarar aka ɗaure James Leander Nichols, wani dattijo da ya wakilci wasu ƙasashen Turai a matsayin jakadan girmamawa, kuma aminin Aung San Suu Kyi, shekara uku saboda na'urorin faks da layukan tarho marasa rajista. Ya rasu a tsare a watan Yuni na 1996. A nan babu wanda ya ce na'urarsa tana lalata layi. Wanda yake magana da shi ne laifinsa.

Mu fa, ina muka tsaya?

A lokacin da Turawa ke faɗa a kan abin da za a jona, mu layin ne ma ba mu da shi. Wani rahoto na hukumar sadarwa ta duniya a tsakiyar shekarun 1980 ya nuna cewa tarhon da ke birnin Tokiyo kaɗai ya fi na nahiyar Afirka duka. A zangunanmu, daga Nima zuwa Kumasi da Tamale, saƙon rasuwa ko na cinikin goro direban babbar mota ke kai shi, ko a naɗi murya a kaset a ba matafiyi. Mai neman layi a gidan waya yakan yi shekaru yana jira. Al'amura sun fara sauyawa da zuwan wayar hannu ta Mobitel a 1992, da haɗa ƙasar da intanet a 1995, da kafa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCA, a 1996. Wannan hukuma ita ke duba na'urori ta ba su izini, kuma ba ta sayar da tarho, wanda shi ne darasin da aka koya daga Ingila da Beljiyam.

Modem na yau shi ne wayar da ke aljihunmu, da kuma farantin da ke kamo intanet daga tauraron ɗan Adam. A watan Disamba na 2023 hukumar NCA ta gargaɗi jama'a cewa kamfanin Starlink ba shi da lasisi a Gana, sannan a watan Afrilu na 2024 ta ba shi izini. A Kamaru kuwa, a 2024 ɗin, an umurci jami'an kwastan su ƙwace irin waɗannan kaya a bakin iyaka. Shi ma almakashin Janar Jaruzelski bai ɓata ba. An yanke intanet a yankuna biyu masu magana da Turancin Ingilishi na Kamaru daga Janairu zuwa Afrilu na 2017. A Chadi an toshe kafofin sada zumunta daga Maris na 2018 zuwa Yuli na 2019. A Sudan an yanke intanet sama da wata guda daga Yuni na 2019. A jihar Zamfara ta Nijeriya an rufe layukan waya a watan Satumba na 2021 da nufin yaƙar 'yan bindiga. Duk waɗannan wurare akwai danginmu, kuma mu da ke zaune a matsayin tsiraru, zumuncinmu da cinikinmu a kan waya suke rataye fiye da na kowa.

Ba muna cewa a bar waya babu doka ba. Kowa ya ga cajar waya ta jabu da ta tashi da ɗaki ya san amfanin gwaji. Abin da tarihin nan ya nuna shi ne izini iri biyu ne. Akwai wanda ake bai wa na'ura: a rubuta ma'auni a fili, a gwada samfuri guda, idan ya wuce kowa ya saya. Akwai kuma wanda ake bai wa mutum, inda hukuma ke zaɓen wanda ya cancanci ya yi magana. Na farko shi ya kawo araha da ci gaba a Amurka da Turai, na biyu shi ya kai Nichols kurkuku.

Don haka duk lokacin da muka ji an fito da sabuwar doka a kan waya ko intanet, yana da kyau shugabannin zango da malamai da wakilanmu a majalisa su yi tambaya uku. Shin an buga ƙa'idar a fili yadda kowa zai karanta? Shin mai ba da izinin yana da kaya a kasuwar, ko yana da abin da yake son ɓoyewa? Kuma wanda aka hana, akwai kotun da zai kai kukansa? Mu kuma malaman makaranta, ya kamata mu sa wannan labari cikin darasin zaman ɗan ƙasa, domin yaran da muke koyarwa sun taso sun tarar da waya a hannu, suna tsammanin haka take tun fil azal. Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya bar zumunci tsakaninmu da 'yan'uwa na nesa, amin.